Injiniyan Ƙofar Ƙaura da Gas ɗin Girki

An yi wani mutum a nan birnin Katsina, ya 'yan uwa, a zamanin da kuɗin mai suka fara malala a ƙasar nan. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da dangi a raye, kuma ba tonon asiri ne ya tara mu ba. Mutanen gari Injiniya suke ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Manyanmu da ke zaune a nan sun san wannan zamani. Shekarar ƙarin albashin Udoji ce da 'yan shekarun da suka biyo ta. Ma'aikacin da jiya yake taka keke, yau ya wayi gari da mota. 'Yan kwangila da 'yan kasuwa suka shiga sayen Marsandi da Fijo masu iyakwandishan a ciki. Mutum ya ɗage gilashi, rana tana narka kwalta a waje, shi kuwa yana ciki yana shan sanyi. To amma na'ura ce, tana lalacewa. Ranar da ta fara busa iska mai ɗumi, sai mai mota ya rasa inda zai nufa, don makanikan gari ba su san kanta ba.

Shi wannan mutum a Kaduna ya koyo aikin. Da ya dawo gida, wani attajiri mai sayar da siminti, Alhaji Dabo, ya ga hankalinsa, ya ba shi fili a wajen Ƙofar Ƙaura. Ya kafa masa rumfar kwano mai ƙyaure, aka haƙa rami a tsakiya, irin wanda makaniki ke shiga ya duba ƙarƙashin mota. Alhaji bai nemi komai a wajensa ba, ya dai ce masa ya riƙe amanar mutane.

Kuma Allah ya ba shi hannu. Mota in ta zo tana busa zafi, yakan buɗe bonet ya kasa kunne. Wani lokaci fambel ne ya saki. Wani lokaci ƙura da ciyawa ne suka toshe ragar gaba. Wani lokaci gas ɗin sanyin ne ya zurare ta wata 'yar kafa, sai ya shafa kumfar sabulu a jikin bututu, inda kumfar ta kumbura nan ne ɓarnar take. Ya ɗaure, ya ɗura gas, mai mota ya sa hannu a bakin iska ya yi murmushi. A wannan sana'a ya yi aure, ya gina gida a Kambarawa, har ya saya wa matarsa Mero murhun gas irin na matan manyan ma'aikata. Ita kuwa tsoronsa take ji, ta rufe shi da zane ta ci gaba da girkinta da itace.

Me ya rage wa wannan bawa, ya 'yan uwa? Sana'a ta halal, ba abokin takara, ga lafiya, ga iyali. Amma Shaiɗan ba ya zuwa wa mutum da babban zunubi a rana ɗaya. Da ƙarami yake farawa.

Sai Injiniya ya lura cewa motar da ya gyara da kyau ba ta dawowa. Wata rana yana ɗaure wani noti, sai hannunsa ya tsaya kafin ya kai ƙarshe. Ya bar shi da ɗan sassauci, yadda gas zai riƙa sulalewa a hankali. Bayan 'yan makonni mai motar ya dawo yana fifita da hula, yana cewa abin ya koma busa zafi. Injiniya ya girgiza kai, ya ce zafin Katsina ne ke shanye gas. Mutumin ya yarda, ya biya, ya yi godiya.

Daga nan abin ya zama ɗabi'a. In fambel ne ya saki, sai ya ce kwamfuresa, babbar na'urar sanyin, ce ta mutu. In mai mota ya nuna shakka, sai ya ɗaga yatsa sama ya ce wallahi tallahi. Ranar farko da ya yi rantsuwar ƙarya, bai iya cin abinci ba. Kafin shekara ta zagayo, yana rantsuwar yana tauna goro.

Ana nan sai jiragen ruwa suka cunkushe a tashar Ikko, kaya suka daina isowa Arewa a kan kari. Gas ɗin sanyi ya yi wuyar samu. Ga bazara ta kama, ga motoci sun yi layi a bakin gareji. Mai tsoron Allah da sai ya ce wa mutane babu, ku yi haƙuri har ya zo. Shi kuwa sai ya tuna wata magana da ya taɓa ji a Kaduna, cewa gas ɗin girki ma yana sanyaya mota. Wanda ya gaya masa ya haɗa da gargaɗi, ya ce kada ya kuskura, don wannan wuta ce ake ɗura wa mota. Injiniya ya riƙe rabin maganar, ya yar da rabi.

Ya je gida ya ɗauke tukunyar gas ɗin Mero, ya ce mata wani abokinsa zai ara. Ya shafa wa tukunyar fenti, ya ajiye ta a lungun gareji. Ya gwada a mota, sai ga sanyi har ya fi na da. In tukunyar ta ƙare, ya kai a cika masa da sunan girkin gida.

Da farko ya yi wa kansa iyaka. Ya ce ba zai ɗura wa 'yan gari ba, sai baƙi masu wucewa: fataken Maraɗi, direbobin Jibiya, mutanen Daura. Daga baya ya ƙara da ma'aikatan da aka turo daga wasu garuruwa. Daga baya iyakar ta ɓace gaba ɗaya, har motar Alhaji Dabo ya ɗura wa. Kuma bai daina sassauta noti ba. Ku duba wannan haɗi, ya jama'a: gas mai kamawa da wuta, a cikin bututun da shi da kansa ya bar wa kafa, a motar da ake rufe gilashinta ruf.

Cikin masu kawo masa mota akwai wani ma'aikacin gwamnati, Malam Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, Kirista. Mutum ne mai fara'a, duk ranar da ya zo sai ya sayi shayi ga duk wanda ke gareji. Ya sayi motarsa da kuɗin Udoji, yana ji da ita. Gab da bikin Ista ya kawo ta, ya ce zai kai matarsa Rifkatu gida, tana da ciki, ba ta jure zafi. Injiniya ya ɗura masa daga tukunyar lungu. Malam Yohanna ya tambaye shi ko gas ɗin mai kyau ne. Ya rantse masa.

Kwana biyu bayan haka, Injiniya yana ƙarƙashin wata mota, ya ji mai shayin bakin gareji yana salati. Wai motar Malam Yohanna ta kama da wuta a hanyar Malumfashi. Ba karo ta yi ba, ba faɗuwa ta yi ba. Malam Yohanna ya kunna ashana zai sha sigari, sai cikin motar ya tashi gaba ɗaya. Manoma suka jawo matar. Shi ba a iya fid da shi ba.

Injiniya ya daɗe a cikin ramin nan bai fito ba.

Da maƙwabtan gareji suka shirya zuwa asibiti dubiya, ya rasa dalilin da zai ƙi binsu. Suka tarar da Rifkatu a kwance, an naɗe mata hannuwa da gefen fuska, cikin kuma ya zube. Yayanta Luka yana zaune a gefen gado. Aka yi gaisuwa, aka yi ta'aziyya. Da ta ji an ambaci Injiniya, sai ta juyo da ido ɗaya.

"Injiniya, ka zo? Na gode. Kullum yana yabonka. Yana cewa a garin nan kai kaɗai ne ba ka taɓa cutarsa ba."

Ya ce, "Allah ya ba ki lahiya." Muryarsa ko shi bai gane ta ba.

Ta ce, "Abin da na kasa ganewa, tun daga Kankiya nake jin wari a motar. Irin warin kicin ɗina in na manta ban rufe gas ba. Na gaya masa, ya yi dariya, ya ce ciki ne ke sa ni jin wari."

Sai Injiniya ya ga Luka ya ɗago kai ya dube shi.

Tun daga ranar tsoro ya shiga gidan mutumin nan ya zauna. In ya ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida, sai ya ce 'yan sanda ne. In ya ga mota ta wuce shi da gilashi a ɗage, sai ya bi ta da ido yana tambayar kansa ko tana cikin waɗanda ya ɗura wa. In yara na ciki, sai gumi ya karyo masa. Ya tsaya salla, ya rasa ko raka'a ta nawa yake. Warin nama a tukubar mai tsire ya zame masa abin gudu.

Mero ta ga mijinta yana ramewa. Ta ji labarin warin kicin a bakin matan unguwa. Ta tuna tukunyarta da aka ara ba a dawo da ita ba. Wata rana da hantsi, yana shirin fita, ta tare shi a zaure.

"Malam, ina tukunyar gas ɗina?"

Ya ce, "Mi ya kawo wagga magana yanzu?"

Ta ce, "Na roƙe ka don Allah, in abin da nake zato ne, ka tafi wajen liman ka hwaɗi gaskiya. A yi shela a masallatai, duk wanda ka taɓa motarsa ya kashe abin nan. Kunya ce ta duniya, za mu sha ta tare. Kada a sake ƙona wani."

Ya 'yan uwa, wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe masa, ta bakin matarsa. Da ya shiga, da an zage shi, wataƙila a ɗaure shi, amma da rayuka sun tsira, shi ma da ya samu abin da zai riƙe ranar tsayuwa. Sai ya daka mata tsawa. Ya ce in ta sake ta da maganar, ta tattara kayanta ta koma Batagarawa gidan ubanta.

Ya zaɓi ya gyara ɓarnarsa a ɓoye. Ya bi masu motocin da ya sani, yana ce musu sabon gas ya iso, su kawo ya canza musu kyauta. Suka riƙa kawowa suna sa masa albarka, suna cewa irinsa sun yi ƙaranci. Kowace albarka sai ya ji ta kamar an ɗora masa garwashi. Yakan kwance bututu ya saki gas ɗin girkin a iska, ya ce musu su dawo jibi. Amma baƙin da suka wuce fa? Bai san sunansu ba, bai san garin da suka kwana ba. Motocinsu suna can suna yawo da mata da yara.

Kuma wari ba ya ɓoyuwa. Mai shayi ya fara cewa, "Injiniya, wai girki kake yi a garejin nan?" Mai walda na kusa da shi ya ce masa ya daina sakin abin nan kusa da wutarsa. Luka kuma ya fara zuwa. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Ya zo ya gaishe shi, ya zauna a benci, ya tambaya wane irin gas ake sa wa mota, a ina ake sayensa, yana wari ko ba ya yi. Ya ce ya nemi wani masani daga Kaduna zai zo ya duba ragowar motar. Duk ranar da Luka ya tafi, Injiniya sai ya zagaya bayan rumfa ya yi amai.

Motar Alhaji Dabo ce ta rage cikin waɗanda ya sani, don Alhaji ya yi tafiya da ita. Ranar wata Juma'a direba ya kawo ta ya ajiye. Injiniya ya duba hagu, mai shayi na nan. Ya duba dama, mai walda na nan. Ya ce a ransa bari su tafi masallaci.

Aka yi kiran salla. Kowa ya rufe sana'arsa ya ɗauki darduma. Suka ce masa ya zo su tafi, ya ce su yi gaba yana tafe. Da unguwa ta yi tsit, ya tura motar bisa rami, ya jawo ƙyaure ya sa sakata ta ciki, don kada warin ya fita titi. An ɗauke wutar lantarki tun safe, rumfar ta yi duhu, ga kwano ya ɗau zafi. Ya laluba ya kwance bututu. Gas ya fara fita yana huci.

Sai aka buga ƙyaure.

"Injiniya, Luka ne. Na ga takalminka a waje. Buɗe, magana kawai za mu yi."

Ya manta cewa akwai wanda ba ya tafiya masallaci. In ya buɗe, warin zai daki Luka a fuska, magana ta ƙare. Sai ya lallaɓa ya sauka cikin ramin da ke ƙarƙashin motar, ya tsuguna, ya toshe bakinsa. Shi kuwa gas ɗin girki nauyi gare shi, ƙasa yake bi. Duk abin da ke fita daga motar cikin ramin nan yake taruwa. Kansa ya fara juyawa. Yana jin huɗubar liman daga nesa ta lasifika, yana jin Luka yana bugu, yana jin hucin bututu a bisa kansa. Ya so ya tashi ya buɗe. Ya ce bari dai mutumin ya gaji ya tafi.

A nan aka dawo da wuta. Akwai na'urar cajin batir da ya bari a jone tun safe, wayoyinta tsirara a ƙasa. Ta yi tartsatsi.

Waɗanda ke sahun baya a masallaci sun ji ƙarar. Kwanon rumfa ya ɗaga sama, ƙyaure ya ɓalle ya jefar da Luka. Da ya tashi, ya ji ihun mutum daga cikin wuta. Ya 'yan uwa, ku saurari wannan da kyau. Luka, wanda aka ƙona masa suruki, aka nakasa masa ƙanwa, shi ne ya tsoma rigarsa a durom ɗin ruwan mai walda, ya rufa a ka, ya shiga. Ya kamo Injiniya ta wuyan riga ya jawo shi daga rami. Hannuwan Luka har ya tsufa da tabon wannan rana.

Kafin mutane su sallame su iso, wutar ta cinye gareji, ta cinye motar Alhaji Dabo, ta cinye rumfar mai walda da teburin mai shayi. Injiniya yana kwance a bakin titi, fatarsa tana saluɓewa. Ba wanda ya tambaye shi komai. Shi da kansa ya riƙa ihu yana faɗa: gas ɗin girki ne, ni na ɗura, ni na kashe Yohanna, akwai saura a hanya. Abin da ya ƙi faɗa wa liman shi kaɗai a zaure, ya faɗe shi a gaban duk jama'ar Juma'a.

Bai mutu ba a lokacin. Idanunsa sun tafi, yatsunsa sun dunƙule ba sa buɗuwa. Hukuma ta zo ta dube shi, ta ga babu abin da za a ɗaure. Alhaji Dabo bai kai ƙara ba, amma bai sake ambaton sunansa ba har ya bar duniya. Gidan Kambarawa aka sayar aka yi jinya, aka rage wa maƙwabta asara. Aka yi shela a masallatai da coci-coci da tashoshin mota, kamar yadda Mero ta roƙa tun farko. Wasu baƙin suka ji. Wasu ba a san inda suke ba.

Mero ta ɗauke shi ta kai shi Batagarawa, ɗakin da ke bayan gidan mahaifinta. Ita ke ba shi abinci a baki. Ɗakin yana kusa da hanya, kuma duk motar da ta wuce sai ya zabura ya tambaya wace iri ce, su wa ke ciki. In aka yi hira a tsakar gida aka ce mota ta ƙone a wani gari, ko da a Sakkwato ne, sai ya kama kuka ya ce tasa ce. Ba mai iya ce masa e, ba mai iya ce masa a'a. A haka ya yi 'yan shekaru, bai yi barcin kirki ba.

Da ciwon ajali ya zo, aka kira Malam Ado, limamin unguwar. Ya zauna kusa da kansa yana laƙana masa kalmar shahada a hankali. Mutumin ya buɗe baki. Mero ta matso.

Ya ce, "Ku tsai da su."

Malam Ado ya sake maimaita masa kalmar.

Ya ce, "Akwai yara a baya. Ku ce masu su sauke gilashi."

Malam ya maimaita, ya maimaita, har hawaye suka jiƙa masa gemu. Mutumin bai faɗi wani abu ba bayan wannan, har rai ya fita.

Ba mu yanke masa hukunci ba, ya 'yan uwa. Yana hannun Ubangijinsa, kuma rahamar Allah ta fi zunubin kowa faɗi. Amma wa ke so ya tafi a haka? Wa ke so harshensa, da ya saba rantsuwar ƙarya, ya ƙi juyuwa a lokacin da ya fi bukatarsa?

Mutumin nan bai tashi da niyyar kisa ba. Noti ɗaya ya ƙi ɗaurewa. To kai makaniki da ke saurarena, wane noti ka bari? Kai magini da ke rage siminti, wa zai kwana a ƙarƙashin ginin? Kai mai kemis da ke goge kwanan wata a jikin kwalba, ɗan wa zai sha? Wanda ya kawo maka aikin da bai san kansa ba, amana ya ba ka, kuma Allah ne shaida a tsakaninku. Kada wani ya ce ai baƙo ne, ko ai ba addininmu ɗaya ba. Zalunci sunansa zalunci a kan kowa aka yi shi, kuma za a tsayar da kai da shi a gaban Mai Shari'a.

Wanda kuma ya riga ya yi ɓarna, ya sani tuba ba ta cika a ɓoye in haƙƙin mutane ne, balle in har yanzu cutar tana bin su. Ka je ka faɗa tun ƙafarka na ɗaukarka. Ka sha kunyar yau. Wutar da ta narka mutumin nan a Ƙofar Ƙaura wutar duniya ce, ruwa yana kashe ta. Wadda ke gaba ba a kashe ta, kuma babu mai jiƙa riga ya shiga ya jawo ka.

Ya Allah, ka tsarkake mana sana'o'inmu. Ka hana hannuwanmu cutar da bayinka. Ka ba mu ikon tuba tun muna da ido da harshe, ka sa kalmar shahada ta zama ƙarshen maganarmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu daga mummunar cikawa. Amin.